DAGA ALLON MALAM: Fiɗar Mataccen Rediyo Sai Wanda Ya San Inda Maɗaciya Take

 

Yau filin namu zai duba wani abu ne wanda da wuya ka shiga gida a Zango ka rasa shi, watau mataccen rediyo. In ka leƙa ƙarƙashin gado, ko bisa kabad, ko lungun zaure, sai ka tarar da tsohon National ko Sharp ko Sanyo ko Philips, ƙura ta rufe shi, kyankyasai sun mai da shi gida. Haka tsofaffin rikodoji masu cin kaset, da amfili na masallaci ko na masu kiɗan biki da ya daina magana. Wayar hannu da ƙananan lasifikan nan masu caji sun kore su daga aiki.

To yaranmu sun gane akwai 'yan kuɗi cikin waɗannan gawarwaki. Da an ba da hutun makaranta sai ka gan su bayan gida, wannan da dutse, wancan da guduma, ana farfasawa, ana zare wayoyi ana cinna musu wuta don a sami jan ƙarfen sayarwa. Hasara biyu ke nan a wuri ɗaya. Ta farko, an lalata kayan da sun fi jan ƙarfen daraja. Ta biyu, wadda ta fi muni, ana wasa da lafiya. Ni ban zo in hana kowa buɗe rediyo ba, domin na san yaro mai ƙwaƙwa ba ya hanuwa, kuma daga cikin irinsu ake samun gwanayen gyara. Abin da nake so shi ne a buɗe shi bisa ƙa'ida.

Mu jama'a ce da ta san fawa. Kowane mahauci ya san cewa in ana fiɗa akwai abin da ake cirewa a hankali, shi ne maɗaciya, domin in ta fashe ta ɓata nama. Rediyo ma yana da tasa maɗaciyar, har guda uku: wutar da ke saura a ciki bayan an kashe shi, da dalma, da hayaƙi. Wanda ya san inda suke zai kwashe naman lafiya.

YADDA SUKA TARU A GIDAJENMU

Bahaushen da ke zaune a wata ƙasa, rediyo ne ya riƙe masa harshensa. Sashen Hausa na BBC ya soma a 1957, na Muryar Jamus a 1963, na Muryar Amurka a 1979. Iyayenmu da ke fatauci tsakanin Kano, Kumasi, Mango da Lome ba su tafiya ba da akwatin rediyo ba. A 1963 ɗin nan kuma kamfanin Philips ya fito da kaset, wanda daga baya ya zama rumbun tafsiri da wa'azi da waƙoƙin su Shata da Ɗan Maraya, har ma da wasiƙa, domin wanda bai iya rubutu ba yakan ɗauki muryarsa a kaset ya ba direba ya kai gida.

Waɗanda suka yi wayo a lokacin za su tuna watan Janairu na 1994, sa'ad da aka karya darajar sefa da rabi. Duk abin da ake shigowa da shi daga waje sai ya yi tashin gwauron zabo, har da kayan gyara. Ga shi kuma Sokode ta fi kilomita 300 daga tashar jirgin ruwa ta Lome, Dapaong kuwa ta fi 600. Mai gyara a arewa ba ya iya jiran a aiko masa da ɗan abu kamar ƙwayar wake daga kudu. Shi ya sa kowane shagon gyara yake da tulin matattun rediyoyi a bayansa, ana cire na wannan ana raya wancan. Sana'ar cire kaya daga tsohuwar na'ura tsohuwa ce a wurinmu. Abin da ya ragu shi ne masu koyar da ita yadda ya kamata.

KAFIN KA SA WUƘA

Tambayar farko ita ce, ya mutu kuwa, ko dai suma ya yi? Rikoda da yawa babu abin da ke damunsu sai 'yar robar nan da ke juya kaset, wadda ke saki ko ta narke in ta daɗe a ajiye. Wani rediyon fis ne kawai ya ƙone, wani kuma batir aka manta a ciki ya zubar da ruwa ya cinye ƙarafan da yake zama a kai. In akwai kaset-kaset na iyali a gida, muryar kaka ko tafsirin wani malami da ya riga mu gidan gaskiya, to rikodar da za ta iya juya su ta fi ƙarfin a fasa ta. A kai ta a gyara, a kwafe muryoyin cikin waya, domin kamfanonin da ke yin irinta sun yi ƙaranci ƙwarai. Da tsohuwar zuma ake magani.

Tambaya ta biyu, na wane ne? Yaro ya nemi izinin mai kaya. Wannan ba ya bukatar dogon bayani.

In an tabbata ya mutu kuma an yarda a buɗe, ga abubuwan da suka cancanci a cire su lafiya lau: lasifika, da taransfoma, da ƙaramin injin da ke juya kaset, wanda galibi yake aiki da volt 6 ko 9 ko 12, da makunnin ƙara murya, da maɓallai, da ramukan da ake soka waya, da baƙar sandar nan mai naɗin waya da ke kamo tasha, da ƙarfen alminiyam mai haƙora da ke sanyaya kayan da ke zafi, da kusoshi. Sannan ƙananan da ke manne a allon ciki: rezistans, da diyod, da taranzista, da baƙaƙen nan masu ƙafafu da yawa da ke ƙara ƙarfin murya, irin su TDA2030 da LA4440 da LM386. Mai gyara zai karɓi lasifika mai kyau da murna. Amma wadda aka tsaga takardarta don a ciro maganaɗisu ta tashi daga aiki.

MAƊACIYA TA FARKO: WUTAR DA TA SAURA

Mutane da yawa suna zaton da an zare fulogi daga bango shi ke nan, wuta ta ƙare. Ba haka ba ne. A cikin na'ura akwai wasu abubuwa masu kama da ƙaramin gwangwani, masu gyara suna ce musu kondansata. Aikinsu shi ne tara wuta kamar yadda randa ke tara ruwa. An rufe famfo, amma randa tana nan cike. Wasu suna zubar da tasu cikin 'yan daƙiƙu, wasu kuwa suna riƙe ta na tsawon lokaci. Kan maciji ko an sare shi yana sara.

Wutar gida a ƙasar nan volt 220 ce. A cikin sababbin amfili da na'urorin faifai, waɗanda ba su da babban taransfoma mai nauyi, ana juya wannan wuta a tara ta cikin kondansata, inda takan kai wajen volt 310. Tsofaffin rediyoyi da amfili masu kwalabe a ciki, na zamanin kakanni, sukan riƙe volt 300 zuwa 500. Tsohuwar talabijin mai ƙeya kuwa, kwalbarta tana aiki da wajen volt 25,000. Masana suna ɗaukar duk abin da ya wuce volt 50 a matsayin haɗari, kuma wutar da ba ta kai kashi 1 cikin 10 na ampiya guda ba, in ta ratsa ƙirji, tana iya rikita bugun zuciya.

Saboda haka ga ƙa'ida. Ɗan koyo ya fara da ƙaramin rediyo mai batir zalla, na volt 6 ko 9. Wannan ba ya kisa, kuma duk darasin farko yana cikinsa. Na'urar da ake sa wa wutar bango sai a gaban wanda ya iya. Talabijin mai ƙeya, da amfili mai kwalabe, da murhun lantarkin nan na ɗumama abinci, waɗannan ba na yara ba ne sam, ko da an ce sun shekara goma a mace.

Wanda zai buɗe mai wutar bango, ya zare fulogi ya ajiye shi inda idonsa ke gani, kada wani ya mayar da shi bai sani ba. Ya cire batir in akwai. Ya cire zobe da agogo. Ya sa takalmin roba, ya yi aiki bisa busasshen tebur na katako, ba a ƙasa mai laima ba, musamman da damina. Kafin yatsa ya taɓa komai, ya auna manyan kondansata da mita. In akwai wuta, ya sauke ta ta hanyar rezistans mai wat 5 da aka haɗa wa wayoyi biyu masu rufin roba: mai om 20,000 ga kondansata mai ɗaruruwan volt, mai om 1,000 ga na amfili da bai wuce volt 60 ba. Ya riƙe kamar minti guda, ya sāke aunawa, ya ci gaba har mita ta sauka kusa da sifiri. Wasu tsofaffin masu gyara suna amfani da ƙwan lantarki irin na dā mai zare a ciki, ya haska ya mutu, alamar wuta ta sauka. Ƙwan zamani na LED ba ya wannan aiki.

Abin da ba a yi shi ne gitta sukudireba tsakanin ƙafafun kondansata. Na san ana yi, har ana dariyar ƙarar. Tartsatsin yana iya feso narkakken ƙarfe a ido, kuma kondansatan yana iya fashewa. Akwai kuma wata tsohuwar al'ada ta masu aikin lantarki da ya kamata kowane ɗan koyo ya riƙe: in kana taɓa wurin da kake shakka, hannu ɗaya ke aiki, ɗayan yana aljihu, don kada wuta ta shiga ta dama ta fita ta hagu ta bi ta zuciya.

MAƊACIYA TA BIYU: DALMA

Farin ƙarfen nan da aka manne kayan da shi a jikin allo gami ne na kuza da dalma, galibi kashi 60 kuza, kashi 40 dalma. Sai daga watan Yuli na 2006 ne ƙasashen Tarayyar Turai suka hana sa dalma a yawancin sababbin kayan lantarki. Ke nan duk rediyo da rikodar da muke magana a kansu, a ɗauka akwai dalma a ciki.

Dalma ba ta da ɗoyi, ba ta ƙuna, ba ta sa kururuwa. Tana shiga jiki a hankali, tana taruwa a ƙashi da jini. Ga babba tana kawo hawan jini da ciwon ƙoda da ciwon ciki. Ga ƙaramin yaro kuwa ƙwaƙwalwa take taɓawa, kuma abin da ta ɓata ba ya dawowa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani ƙanƙanen adadi na dalma a jinin yaro da za a ce ba ya cutarwa. Mace mai ciki ma tana iya miƙa ta ga ɗan da ke cikinta. A matsayina na mai riƙe alli, wannan ne ya fi tayar mini da hankali, domin yaron da dalma ta taɓa ba ya zuwa aji da rauni a jiki. Sai dai a ga ba ya riƙe karatu, a ce daƙiƙi ne, a yi ta dukansa a banza.

Ta ina take shiga? Ta hannu zuwa baki. Mai gyara yana aiki, ya ɓare goro ya jefa a baki. Ɗan koyo ya rasa hannu na uku, ya riƙe zaren dalma da haƙori. An kawo ƙosai, an ci a kan teburin aiki. An koma gida an sa hannu cikin kwanon tuwo tare da ƙanne. Jariri yana rarrafe a tsakar gida inda aka kakkaɓe allo, ya tsinci 'yar ƙwayar dalma mai ƙyalli ya haɗiye.

Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. A unguwar Thiaroye da ke gefen Dakar a Senegal, tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008, yara 18 suka rasu saboda dalmar tsofaffin baturan mota da ake fasawa, har ana kwaso ƙasar wurin ana tankaɗewa a cikin gidaje. A Zamfara ta Nijeriya kuma, a 2010, yara fiye da 400 suka rasu saboda duwatsun zinariya masu dalma da ake niƙawa a tsakar gida. Gaskiya ne dalmar da ke cikin rediyo guda ba ta kama ƙafar ta waɗancan wurare ba. Amma darasin ɗaya ne: a duka biyun, an shigo da aikin cikin gida ne, inda ake girki, inda yara ke wasa.

Maganin ba shi da tsada. A yi aikin nesa da madafa da ɗakin kwana. Ba ci, ba sha, ba goro, ba taba a wurin aiki. A shimfiɗa tsohuwar takarda a tebur, in an gama a naɗe ta da ɓarɓashin. A goge tebur da jiƙaƙƙen tsumma, kada a share da tsintsiya ƙura ta tashi. A wanke hannu da sabulu kafin abinci, haka ma kafin alwala, tun da hannun ne zai kai ruwa baki. Rigar aiki ta kwana a shago. Kwano ko gwangwanin da aka zuba kayan rediyo ya yi ban kwana da ɗakin girki har abada.

MAƊACIYA TA UKU: HAYAƘI

Ƙona waya don a sami jan ƙarfe shi ne mafi munin abin da ake yi. Robar da ke jikin waya in ta ƙone tana fitar da hayaƙi mai cin huhu, da wata guba da ake kira diyoksin, wadda ke sauka a ƙasa da ciyawa, kaji da awaki su ci, ta dawo mana cikin ƙwai da nama da nono. Tokar kuma ruwan sama ya kwashe ta zuwa rijiya, ko zuwa rafukan Kpondjo da Kpandi da suka ratsa Sokode, inda ake wanki ana ban ruwan lambu. Duk wanda ya san Akara ya ji labarin Agbogbloshie, inda samari, da yawansu 'yan arewacin Gana, suka shekara da shekaru suna ƙona wayoyi, har wurin ya yi suna cikin wurare mafi ƙazanta a duniya kafin hukuma ta rushe kasuwar tsohon ƙarfen a 2021. Kada mu gina ƙananan irinsa a bayan gidajenmu.

Waya feɗe ta ake yi da wuƙa, a zare robar. Ya fi cin lokaci, amma jan ƙarfe mai haske ya fi ƙonanne farashi wurin masu sayen tsohon ƙarfe. Haka kuma kada a ɗora allo a kan garwashi don kayan su zubo gaba ɗaya. Zafin yana kashe taranzistocin da ake nema, allon kuma yana fitar da guba.

Ko farin hayaƙin nan da ke tashi daga bakin ƙarfen narka dalma, wanda na ƙaron da ke cikin zaren dalmar ne, yana jawo asma ga wanda ya daɗe yana shaƙarsa. A yi aiki a rumfa ko bakin taga, kada a sunkuya a kansa.

A cikin rediyoyi da amfili da suka girmi shekarar 1980 akan sami kondansata na ƙarfe masu mai a ciki. Wasu daga cikin irin wannan mai guba ne da ake kira PCB, wanda yarjejeniyar Stockholm ta 2001 ta sa cikin jerin abubuwan da za a kawar daga duniya. Kada a huda su. In suna yoyo kada a taɓa da hannu, a ɗaure su cikin leda.

LABARIN JAN ZAIBA

Akwai wata ji-ta-ji-ta da ta zaga ƙasashe da dama, wai a cikin tsofaffin rediyoyi da talabijin da kekunan ɗinki akwai wani abu jan zaiba mai tsadar miliyoyi. A 2009 ta kama Saudiyya, har tsofaffin kekunan ɗinki na Singer suka yi tsadar hauka. Jama'a, babu wani jan zaiba cikin rediyo. Damfara ce. Zaibar gaskiya, mai ruwan azurfa, wadda ke cikin dogayen ƙwayayen lantarki da wasu tsofaffin maɓallai, guba ce. Haka masu cewa a jiƙa allo da asid a ciro zinariya. Abin da ke cikin allon rediyo bai kai kuɗin asid ɗin ba, balle kuɗin asibiti. Garin neman gira kada a rasa ido.

CIREWA, GWAJI DA AJIYA

Kayan aikin ba su da yawa: sukudireba iri biyu, filaya, ƙarfen narka dalma mai wat 30 zuwa 40, 'yar famfon tsotse dalma, mita, da tabarau, ko da na masu babur ne. A fara da abin da kusa ke riƙe da shi, sannan wanda aka manne. Dalma tana narkewa a wajen digiri 190, bakin ƙarfen kuma ya fi haka zafi nesa, don haka ya sami mazauni na ƙarfe, ba gefen tabarma ba. A narka, a tsotse, a ja a hankali da filaya. Kada a yarfe allo don dalma ta fita, nan ne take faɗawa ido.

Da hunturu, sa'ad da iska ta bushe a Dapaong har riga tana ƙara in an tuɓe ta, jikin mutum yana tara wata 'yar wuta da ke iya kashe baƙaƙen nan masu ƙafafu da yawa. A taɓa ƙofar ƙarfe ko bututun famfo kafin a ɗauke su.

Gwaji kuma mai sauƙi ne. Lasifika, ka taɓa mata batir mai volt 1.5, in ta yi ƙas-ƙas tana da rai. Injin kaset, ka ba shi batir ka ga ko zai juya. Diyod, mita za ta nuna wuta tana wucewa ta gefe ɗaya, ba ta wucewa ta ɗayan. Kondansatan da ya kumbura ko ya yi yoyo, ko wanda ya daɗe ainun, ba abin ajiyewa ba ne, domin ruwan cikinsa yana bushewa. Wanda kuma aka sa shi a juye yana fashewa, sai a lura da gefen da aka yi wa alama. Rezistans kuwa launukan jikinsa ne lambarsa: baƙi 0, ruwan ƙasa 1, ja 2, ruwan lemo 3, rawaya 4, kore 5, shuɗi 6, shunayya 7, ruwan toka 8, fari 9. Zobe biyu na farko lambobi ne, na uku yawan sifirin da za a ƙara. Ruwan ƙasa, baƙi, ja, shi ne om 1,000. Ja, baƙi, ruwan lemo, shi ne om 20,000 ɗin da muka ambata. Yaron da ya haddace wannan ya soma karanta harshen na'ura.

A jera kaya cikin kwalayen ashana da gwangwanayen madara, a rubuta suna a jiki, a ɗora inda hannun ƙananan yara ba ya kai. A kula musamman da 'yan baturan nan masu kama da kwabo da ke cikin rimot da wasu rediyoyi. In yaro ya haɗiye ɗaya yana iya ƙona masa maƙogwaro cikin awa 2. Abin da ya saura na allo da roba da tsofaffin batura a tara a buhu a busasshen wuri har mai saye ya zo. Kada a jefa a masai ko kwata ko wuta.

IN TSAUTSAYI YA AUKU

In wuta ta kama mutum kada a taɓa shi da hannu. A kashe ta daga mita, ko a ture wayar da busasshiyar sanda. A kai shi asibiti ko da ya miƙe ya ce lafiyarsa ƙalau, domin zuciya takan rikice daga baya. Ƙuna kuwa, a sa ta cikin ruwa mai sanyi mai tsabta na minti 20. Ba manja, ba man goge baki, ba toka. In ruwan batir ko dalma ta shiga ido, a wanke da ruwa mai yawa a garzaya asibiti. Yaron da ya haɗiye batir kada a jira gari ya waye. Sokode da Dapaong duk suna da babban asibitin yanki. Mukan ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa, amma mu ne kuma muka ce rigakafi ya fi magani.

ABIN DA ZA MU CI A CIKI

Wani zai ce, Malam, duk wannan wahala a kan tsohon rediyo? To ku duba. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna cewa a 2022 duniya ta zubar da tan miliyan 62 na tsofaffin kayan lantarki, kuma abin da aka sarrafa bisa ƙa'ida bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. Wannan tuli ba raguwa zai yi ba, kuma rabonmu yana isowa arewa a bayan manyan motoci. Ko dai ya zame mana guba ko ya zame mana jari. A nan Lome, a 2013, wani ɗan ƙasar nan, Afate Gnikou, a wata cibiyar ƙirƙira da ake kira WoeLab, ya haɗa na'urar da ke ƙera ƙananan abubuwa na roba daga tarkacen kwamfuta da firinta, har sunan Togo ya zaga duniya. Da buɗe tsofaffin na'urori irin wannan ilmi yake farawa.

A makarantunmu na firamare babu ɗakin gwaje-gwaje, darasin lantarki a allo kawai muke zana shi. Alhali injin kaset guda, in ka haɗa masa ƙaramin ƙwan LED ka murza shi da sauri, zai haska, yara su gani da idonsu yadda ake samun wuta daga juyi, kamar yadda ruwan Nangbeto ke juya injuna a kan kogin Mono. Maganaɗisun lasifikar da ta riga ta yage ya ishi aji guda darasin sati. Lasifika mai kyau da TDA2030 ko LA4440 da batir, a hannun wanda ya iya, sun zama amfilin makarantar allo.

Kirana ga iyaye shi ne, in kun ga yaro yana da wannan ƙwaƙwa, kada ku bar shi da dutse a bayan gida. Ku kama hannunsa ku kai shi wurin mai gyara mai natsuwa, ko ku nema masa makarantar koyon sana'a, ga ta a Sokode, ga ta a Dapaong. Ga iyayen gida masu shago kuwa, yaron da aka danƙa muku amana ne. Kafin ku koya masa riƙe ƙarfen narka dalma, ku koya masa auna kondansata, ku ajiye sabulu da buta a bakin shago, ku ma ku riƙa amfani da su a gabansa. Sarakunan Zango da limamai su taimaka da faɗakarwa a kan ƙona waya cikin unguwa, domin hayaƙin ba ya tsayawa a gidan wanda ya hura wutar.

Wanda ya karanta wannan ya karanta wa wanda bai iya boko ba. Allah ya tsare mana zuriya, ya sa albarka a sana'o'inmu. Sai wata mai zuwa in Allah ya kai mu.